Tambayi Injiniya: Ɗanjuma ne Kofi, amma furosesa bai sani ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam Injiniya. Ni ɗaliba ce a jami'ar KNUST da ke Kumasi, ina shekarar ƙarshe, gidanmu a Asawase. Aikin kammala karatuna sikeli ne na auna buhunan masara. Na samu wani tsohon allon kwamfuta mai furosesa ARM926EJ-S, na ɗora masa Linux, na rubuta ɗan direba, wato manhajar da ke magana da sikelin, a cikin kanel, zuciyar Linux. Duk sanda sikeli ya aiko da nauyi, direban sai ya rubuta lambar a wani shafi na ƙwaƙwalwa, firogiram ɗina kuma yana leƙa shafin ta hanyar mmap, wadda ke ɗaura masa shafin ya riƙa ganin sa kai tsaye. Na gwada a laftof ɗina, komai daidai. A Raspberry Pi na ƙawata ma daidai. A allon nan kuwa, sai a sauke buhu mai kilo 50 a ɗora mai kilo 100, firogiram yana nan yana nuna 50. Idan na sa shi ya ɗan yi barci tsakanin karatu da karatu, wani lokacin ya gyaru, wani lokacin a'a. Na sa volatile, bai yi magani ba. Abokan karatuna sun ce allon ne ya lalace, in jefar. Don Allah me ke faruwa?

Wata ɗaliba, Asawase, Kumasi

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki jefar da allon nan, lafiyarsa ƙalau. Abin da yake miki shi ne ainihin abin da aka ƙera shi ya yi. Na kuma ji daɗin wasiƙarki, don kin lura da abin da yawancin masu kawo mini irin wannan kuka ba sa lura da shi, wato maganar barcin nan. Ruwa ba ya tsami banza, za mu zo kanta.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta yi shekaru tana sayar da kayan masarufi a ƙofar gidanmu a Aboabo: sukari, gari, sabulu, madarar gwangwani. Littafin bashi kuwa ni da yayata muke rubutawa, duk wanda aka tarar a bakin tebur. Akwai wani mai tura kaya a kasuwar Kejetia da ke karɓar bashi wajenmu. Mu 'yan Zango muna ce masa Ɗanjuma, maƙwabtanmu na Asante suna ce masa Kofi, kuma duk ma'anar ɗaya ce, ran Juma'a aka haife shi. Ni na buɗe masa shafi da sunan Ɗanjuma. Yayata, wadda ta fi jin ana kiran sa da Twi, ta buɗe wani da sunan Kofi, ta kwafe tsohon bashinsa a ciki. Ranar da ya biya ni ne a wurin, na soke shafin Ɗanjuma. Bayan kwana biyu ya dawo ya tarar da ita, ta buɗe shafin Kofi, ta ce ai ana bin ka. Bawan Allah ya tsaya da gwangwanin madara a hannu yana rantsuwa, ita ma tana nuna masa rubutu da yatsa. Babu maƙaryaci a cikinsu. Sai da Mama ta fito daga ɗaki ta ce Ɗanjuma ne Kofi, sannan magana ta mutu. Littafin ba shi da yadda zai san haka, ita kaɗai ta sani.

Abin da ke faruwa a allonki ke nan, babu ragi babu ƙari.

Furosesa ya fi RAM, wato babbar ƙwaƙwalwar na'ura, sauri nesa ba kusa ba, shi ya sa aka yi masa 'yar ma'ajiya a jikinsa, wadda masu sana'ar ke kira kash, ni kuma na fi son in ce ma'ajiyar kusa. Duk abin da ya ɗauko daga RAM sai ya ajiye kwafinsa a nan, layi-layi. A naki furosesan kowane layi bayit 32 ne. Sannan kowane firogiram yana aiki ne da adireshin aro, wanda kanel ya ba shi. Adireshin asali, wato ainihin wurin da abu yake a cikin RAM, sai wani sashe na furosesa da ake kira MMU ya fassara, shafi-shafi, yana duba jadawalin da kanel ya tsara. Fassarar tana cin lokaci. Saboda haka masu ƙera dangin ARM9 suka ajiye ma'ajiyar kusa tun kafin a kai ga fassara: da adireshin aro ake zaɓen sahun da layi zai zauna, da shi kuma ake buga masa tambari. Wannan tsarin shi ake kira VIVT. Yana da sauri, ba ya cin wuta da yawa, amma littafin bashi ne da ake rubutawa da sunan da aka ji ana kira, babu lambar Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, a ciki.

Gani ya kori ji. Ki buga dmesg a allon, ki duba layukan farko-farko. Za ki tarar da inda kanel ya rubuta "CPU: VIVT data cache, VIVT instruction cache". Tun lokacin tashi ya faɗa miki da wa kike hulɗa.

To shafinki yana da suna biyu. Kanel yana ganin sa ta nasa adireshin, wanda a tsarin da aka saba na ARM mai bit 32 yake farawa daga 0xC0000000 zuwa sama. Firogiram ɗinki kuma yana ganin sa ta adireshin da mmap ya ba shi, can ƙasa da nan. Da firogiram ya karanta 50 karon farko, an buɗe layi da sunansa, an ajiye 50. Da buhu na biyu ya hau, direba ya rubuta 100 da sunan kanel. Wataƙila 100 ɗin ta tsaya a layin kanel ba ta ma isa RAM ba, wataƙila ta wuce. Ko wanne ne, layin firogiram yana nan da 50 ɗinsa, kuma duk tambayar da firogiram zai yi, wannan layin ne zai amsa. Shi ya sa volatile bai taimake ki ba. Aikinsa kawai ya hana mai harhaɗa firogiram riƙe lambar a rajista, wato ɗan gurbin aiki na cikin furosesa, ya tilasta a sake tambaya kowane karo. An kuwa sake tambayar. Shafin Kofi aka yi ta buɗewa.

Yanzu maganar barci. Littafin irin na Mama yana da wata matsala ta biyu, kishiyar ta farko: Ɗanjuma biyu a layi ɗaya. Firogiram guda biyu suna iya amfani da adireshin aro iri ɗaya sak, alhali kowanne RAM ɗinsa daban. Idan kanel ya sauke ɗaya ya ɗora ɗayan bai yi komai ba, na biyun zai karanta kayan na farkon, kuma wannan ya wuce kuskure, ya zama tonon asiri. Maganin da Linux ke yi a ARM9 mai tsauri ne: duk sanda zai sauya daga filin adireshin wani firogiram zuwa na wani, sai ya sauke duk abin da aka rubuta a ma'ajiyar kusa zuwa RAM, sannan ya soke layukan gaba ɗaya. Kin ga, da kika sa naki ya yi barci, idan aka yi sa'a wani firogiram ya samu shiga a tsakani, to an wanke littafin tas, naki ya farka ya je RAM ya tarar da 100. Idan kuwa babu kowa a layi, furosesa ya zauna jira ne kawai, ba a sauya filin adireshi ba, ba a wanke komai ba, 50 tana nan. Ga "wani lokacin" ɗinki. Irin wannan gyaruwar ita ce mafi haɗari, don tana iya riƙe ki har ranar da za ki tsaya gaban malamai, sannan ta sake ki.

Wankin nan kuwa ba kyauta ba ne. Duk firogiram ɗin da ya dawo sai ya tarar da ma'ajiya wayam, ya fara ɗebo komai daga RAM. ARM sun yi ƙoƙarin rage wannan asarar da wata dabara mai suna FCSE, inda ake raba fili gida 128, kowane firogiram a ba shi megabayit 32, ta yadda sunaye ba za su yi karo ba. Megabayit 32 ta yi wa firogiram na Linux kaɗan, dabarar ba ta shiga babban reshensa ba.

Me ya sa laftof bai yi miki haka ba? Nan ne wurin da nake so ki ɗauko biro, don lissafin yana da daɗi. Shafi bayit 4096 ne, wato bit 12. Fassara tana canza lambar shafi ne kawai, waɗannan bit 12 na ƙasa ba ta taɓa su, iri ɗaya ne a adireshin aro da na asali. Furosesocin Intel sun daɗe da ma'ajiyar kusa ta matakin farko mai kilobayit 32, kowane sahu da gurbi 8, kowane layi bayit 64. Raba 32 da 8, kin samu kilobayit 4. Sahu 64 sau bayit 64, 4096 cif. Ma'ana, duk bit ɗin da ake zaɓen sahu da su suna cikin waɗancan 12 da ba sa canzawa. Sai furosesa ya fara buɗe sahu tun fassara ba ta ƙare ba, in ta ƙare ya gwada tambari da adireshin asali. Ɗanjuma da Kofi dole su faɗa sahu ɗaya, lambar kati kuma ta nuna mutum ɗaya ne. Wannan shi ne VIPT marar rikicin suna. Kada ki ɗauka dace ne: da Intel suka faɗaɗa ma'ajiyar zuwa kilobayit 48 a Ice Lake a 2019, gurabun suka ƙara zuwa 12, don rabon ya tsaya a 4. Apple kuma a M1 na 2020 sun kai kilobayit 128 da gurbi 8, don su shafinsu kilobayit 16 ne. Raspberry Pi na farko, na 2012, kilobayit 16 ne da gurbi 4, nan ma 4 ta fito, na baya-bayan kuwa ma'ajiyar bayanansu tana aiki ne tamkar da adireshin asali. Duk inda kika gwada, ƙarfen, wato furosesan kansa, shi ya rufa miki asiri.

Akwai kuma na tsakiya. A ce kilobayit 32 da gurbi 4: rabon ya zama 8, an ci bit na 13, wanda fassara ke iya canzawa. Sai shafi ɗaya ya iya zama a wuri biyu, ya danganta da sunan da aka kira shi. Masu kanel suna ce wa wannan launi. Da yawa daga cikin ƙananan na'urorin rarraba intanet masu furosesa MIPS da ke cike da shagunan Adum haka suke, wasu har suna rubuta "cache aliases" lokacin tashi. A nan kanel yana da dabara mai sauƙi: idan za a raba shafi tsakanin firogiram biyu, sai ya zaɓa musu adireshin aro masu launi ɗaya. Lambar da ke tsare wannan ƙa'ida a Linux sunanta SHMLBA. A ARM shafi 4 ce, kilobayit 16.  Amma ki lura, a naki VIVT launi ba ya ceto, don tambarin kansa na aro ne.

Tunda ƙarfe bai san sunaye biyun abu ɗaya ba ne, kanel ne Mama. David S. Miller, wanda ya yi aikin kai Linux kan injinan SPARC, ya rubuta takarda a cikin kundin kanel mai suna cachetlb, inda ya jera wuraren da dole a tsaya a daidaita littafi. Ki karanta ta, ba ta da tsawo. Za ki ga cewa in za a canza jadawalin shafuka, jerin aikin ba ya sauyawa: a fara wanke ma'ajiyar kusa, sannan a canza jadawali, sannan a wanke TLB, wato 'yar ma'ajiyar fassara. Dalili shi ne wasu furosesoci, irin su HyperSPARC, ba sa iya wanke layi sai fassararsa tana nan da rai. Za ki ga flush_dcache_page, wanda kanel ke kira bayan ya rubuta a shafin fayil da firogiram zai iya gani ta wani suna. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne haƙurinsa. Idan babu firogiram ɗin da ya ɗaura shafin tukuna, ba ya wanke komai, alama kawai yake sa wa shafin, sai ranar da wani ya zo ɗaurawa sannan a biya bashin. Idan kuma firogiram ɗaya ya ɗaura shafi guda a wuri biyu a kan VIVT, Linux ba ya wahalar da kansa, sai ya hana shafin shiga ma'ajiyar kusa kwata-kwata.

Kada ki yi saurin cewa to flush_dcache_page ne maganina. A ARM zai sauke layin kanel zuwa RAM, amma layukan firogiram yana gano su ne ta rajistar fayil ɗin da shafin ya fito. Shafin da direbanki ya yanko wa kansa ba shi da wannan rajistar, don haka 50 tana iya zama daram bayan kin kira shi.

Shawarata ta farko, kuma ita na fi so: ki bar mmap. Sikeli lamba nawa yake aikowa a daƙiƙa? 'Yan kaɗan ne. Ki ba direban hanyar read, ya miƙa lambar da copy_to_user. Wannan yana rubutawa ne ta adireshin firogiram ɗin kansa, suna ɗaya, layi ɗaya, rikici bai taso ba. Ki haɗa da poll, firogiram ya kwanta sai sabon nauyi ya zo a tashe shi, maimakon ya yi ta zagaye yana ƙona wuta. Kada ki ga kamar ja da baya ne. Masu tsarin sauti na Linux, ALSA, suna da ɗan shafin da ke nuna inda sauti ya kai, kuma sun yarda a ɗaura shi da mmap ne kawai a injina irin x86 da PowerPC da Alpha. A sauran, sai firogiram ya tambayi kanel. Sun sha irin ruwan da kike sha.

Idan kuma malaminki ya nace sai mmap, to ki yanko shafin da dma_alloc_coherent, ki miƙa shi da dma_mmap_coherent. A allonki wannan zai sa ɓangarorin biyu su riƙa zuwa RAM kai tsaye. Ɓangarorin biyu na ce. Na sha ganin wanda ya hana ma'ajiya a gefen firogiram kaɗai, ya bar kanel yana rubutu a layinsa, sai ciwon ya koma wani wuri. Abin da ba na so ki yi shi ne ki cusa flush_cache_all, mai wanke ma'ajiyar kusa gaba ɗaya, a duk inda kika ji tsoro. Zai yi aiki, amma kin mayar da furosesa gurgu don lamba ɗaya, kuma har yanzu ba ki san wa ya rubuta me da wane suna ba.

Ki riƙe bambancin kalmomi biyun nan da kyau, don a kansu ake faɗuwa. Saukewa ita ce a kai abin da ke layi zuwa RAM. Sokewa ita ce a watsar da layin ba tare da an kai komai ba. Wanda ya rubuta shi ke saukewa, wanda zai karanta shi ke sokewa. In kika soke layin da ke ɗauke da sabon rubutu, ya tafi ke nan.

Ni kaina na ɗanɗana. A 2015, lokacin da dumsor, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki a Ghana, ya yi tsanani, ina yi wa wani ɗan kamfani aikin na'urar buga rasit, ita ma ARM9. Saƙo yana shigowa ta DMA, wato na'ura tana zuba bayanai a RAM kai tsaye ba ta bi ta furosesa ba. Na ware wa saƙon bayit 40, a bayansa kuma na ajiye wata 'yar lamba mai ƙirga saƙonni. Cikin rasit masu yawa sai ɗaya ya fito da wutsiyar na baya: sunan kaya daidai, kuɗin kuwa na wanda ya gabata. Dare uku ina zaune a tsakar gida da fitilar caji da batirin mota, ina jera rasit a kan tabarma. A dare na uku na ƙirga haruffan da ke lalacewa da bakin biro, kullum 8 ne na ƙarshe, ba sa zama 7, ba sa zama 9. Cire 32 daga 40. Bayit 8 na ƙarshe suna layi ɗaya da lambar ƙirgata. Duk sanda furosesa ya taɓa lambar ana tsakiyar zuba saƙo, sai ya jawo layin gaba ɗaya da tsohuwar wutsiya a ciki. Na raba su, na ba saƙon nasa wurin da kmalloc, hanyar da kanel ke ware wuri a RAM, kafin kiran assalatu rasit suka daidaita. In sikelinki zai yi amfani da DMA nan gaba, kada wurin saƙo ya haɗa layi da kowa.

Ki gwada hanyar read tukuna, ki cire barcin nan gaba ɗaya, ki ɗora buhunan bi da bi sau da yawa. Allah ya ba da sa'ar kammalawa, ki gaida mutanen Asawase.

TAMBAYA

Masta, barka da aiki. Ina gyaran waya a Adum. Kwastoma ya kawo waya tana nauyi, sai mu shiga saiti mu share kash ta ɗan saki. Shin kash ɗin furosesa da nake ji kuna faɗa shi muke sharewa?

Wani mai gyaran waya, Alabar, Kumasi

AMSA

Barka kadai ɗan'uwa. A'a, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wanda kuke sharewa fayiloli ne da manhaja irin Facebook ko Chrome ke tarawa a ma'ajiyar waya, hotuna da shafukan da aka riga aka sauko da su, don kada a sake kashe data. Yana iya kai ɗaruruwan megabayit, kuma ko an kashe waya yana nan. Na furosesa yana cikin guntun kansa, matakin farkonsa 'yan kilobayit ne, yana cika yana sauyawa a kowane ƙiftawar ido, wuta na ɗaukewa ya ɓace. Babu maɓallinsa a saiti, ƙarfe da kanel ne ke kula da shi. Sharewar da kuke yi tana taimako ne idan ma'ajiyar wayar ta kusa cika, ko wani fayil ya lalace a ciki. Sai dai ka kula da maɓallin da ke kusa da shi, na share bayanan manhaja. Wannan yana fitar da mutum daga asusunsa, kuma a WhatsApp yana iya tafiya da hirarrakin da ba a adana ba, don haka ka tambayi mai waya ko yana da ajiya kafin ka danna.